Dabbar Mai Taro Ce Ke Fara Shiga Fili

Wata biyar ke nan da dawowata daga Nijar, amma har yau abokaina na majalisar gindin darbejiya a Dutse ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce me suke ci. Wani ma, Allah ya shirye shi, cewa yake tunda an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ba abin da ya tsallakar da ni iyaka sai neman abin da aka hana a gida. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Sunana Isyaku. Ina aiki a wani kamfani mai sayen riɗi da ƙaro, kuma ni ne mai shirya masa taro: rumfa, kujeru, abinci, lasifika, janareta, duk a wuyana suke. Kafin in shiga labarin hanya dole in faɗi abin da na baro a gida, don shi na yi ta ɗauke da shi har can.

A bara kamfaninmu ya tara manoman da ke kawo mana kaya. Babu ɗakin da zai ɗauke su, sai na je wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Bello, wanda ke zaune da shanunsa a wajen Aujara, na roƙe shi aron filin da ke gaban rugarsa. Ya ba ni ba tare da ya tambayi komai ba. Taro ya yi kyau har manaja ya yaba mini a gaban jama'a. Mun raba ruwan leda, shinkafa a leda, nama a leda, sannan kowa ya tafi da kalanda a cikin wata farar leda mai sunan kamfani. Da yamma muka kwashe kujeru muka kama gabanmu, iska kuma ta yi nata aikin.

Bayan sati uku Woɗe ta daina cin abinci. Woɗe jar saniya ce, jikar wadda aka ba mahaifiyata ranar aurenta, kuma tun rasuwar mahaifiyata Kawu ke kiwonta kamar 'yar cikinsa. Da ta kwanta ta kasa tashi aka yanka ta. Ina tsaye mahauci ya farke tumbinta ya zaro wani dunƙule kamar gammo, leda ce zalla ta cure. A cikin dunƙulen har da farar nan mai sunan kamfaninmu. Kawu ya ɗauke ta, ya wanke, ya rataye a jikin ƙayar da ke ƙofar ruga. Bai zage ni ba. Tun daga ranar idan na yi sallama yakan amsa, don addini ya hana gaba, amma daga amsa sallama ba ya ƙara ko kalma, kuma ya daina kirana mu ci tuwo a akushi ɗaya. Ni maraya ne gaba da baya, ba ni da wani babba a duniya sai shi.

Ana cikin haka wani kamfanin ƙaro na Nijar da muke hulɗa da shi ya aiko da takardar gayyata zuwa taronsa na shekara, a wani ƙauye da ke arewa da Dungas. Da Faransanci aka rubuta ta, ba wanda ya gane komai a ofishinmu sai kwanan wata da sunan gari. Manaja ya ji labarin yashin hanya, sai ya ce ai ni ne ɗan taro, in je in wakilce shi.

Ranar Alhamis da sassafe na shiga mota a tashar Dutse. Ban da jakar kayana, na ɗauki jaka biyu ta ruwan leda, ɗaya in sha, don an tsorata ni da ruwan can, ɗaya kuma tsaraba ga masu gida, a ga mutumin birni ya zo. Ku duba fa, bayan duk abin da ya faru da Woɗe! Ni a lokacin laifin iska nake gani, ba na leda ba. Muka bi ta Kiyawa, muka wuce Jahun, inda na kau da kaina daga ɓangaren da rugar Kawu take. A Gujungu muka sauya mota, a Gumel muka yi azahar, kafin la'asar muna Maigatari. Ranar kasuwa ce, raƙuma da shanu har inda ido ya tsaya, ga Buzaye da rawuna sun rufe fuska suna ciniki ba hayaniya.

A bakin iyaka namu jami'an ba su ɓata mini lokaci ba. Sai da na tsallaka wani jandarma dogo, siriri, ya taɓa jakar ruwan da bakin takalminsa ya ce, “Mushe, mene ne wannan?” Mushe “malam” ke nan a Faransancinsu.

“Ruwa ne, ranka ya daɗe.”

“Ruwa? An gaya maka rijiyoyinmu sun ƙahe ne?”

Ya zaro ɗaya ya ɗaga ta a rana yana juyawa, ya kira abokin aikinsa suka yi ta dariya. Daga nan ya mayar mini da ita, ya buga hatimi a takardata ya ce in sauka lahiya.

Motar Dungas wata tsohuwar akori-kura ce da aka shaƙe da buhuna, mu kuma a kan buhunan. Mu a gida tun zuwan shari'a mata na baya maza na gaba. A can kowa inda ya samu, wata tsohuwa ma gwiwata ta mayar abin jingina har muka isa. Sau uku muna kafewa a yashi, kowa ya diro a tura. A kafewa ta biyu wani ya zauna a kan jakar ruwana, ledoji suka fashe, farar shaddata ta jiƙe daga ƙugu zuwa ƙasa, a daidai wurin da ba a son a ga mutum a jiƙe. Tsohuwar ta dube ni ta ce, “Ɗana, da ka yi magana ai da direba ya tsaya maka.”

A kan buhunan nan na haɗu da Malam Haruna, wani dattijo mai tsinko ƙaro a daji yana kai wa kamfanin. Ashe taro ɗaya za mu. Na lura da ƙwarya da ludayi ɗaure a jikin jakarsa, na ɗauka ko kwaɗayin fura ne da shi. Shi kuma ya dubi kayana sama da ƙasa ya ce, “Mutumin Ingilishi, ina taka ƙwaryar?” Haka tsofaffinsu ke kiranmu har yanzu. Na ce wace ƙwarya? Ya ce ai an rubuta a takarda, kowa ya zo da mazubinsa. Takardar kuwa tana aljihuna, ba wanda ya iya karanta ta.

A gidan ƙanen Malam Haruna muka sauka a Dungas, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Shayinsu sau uku ake zubawa a ɗan ƙaramin kofi, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a tashi sai an sha na uku. Da safe aka kawo wani burodi dogo kamar sanda, na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Matar gidan ta ji labarin ba ni da mazubi, ta aiko mini da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe, ta ce amana ce, in dawo mata da abarta.

A amalanken shanu muka ƙarasa, rana ba ta gama fitowa ba. Na tambayi Malam Haruna dalilin wannan sammako, ya ce da hantsi ake gama jawabai, don kada a nemi fanka. Ni dai na zuba kunne ina jiran ƙarar janareta ta nuna mini mun iso, don a wurinmu da ita ake gane gidan taro. Ban ji komai ba sai kukan kurciya. Muna hawa wani ɗan tudu sai ga filin a gabanmu, na ce “Subhanallahi” da ƙarfi ban sani ba.

Jama'a ce ta kai ta taronmu na Aujara, ko ta fi, zaune a kan tabarmin kaba a ƙarƙashin manyan itatuwan gawo. Inda inuwa ba ta kai ba an kafa rumfunan zana da karan gero. Babu tamfol, babu kujerar roba ko ɗaya. Motoci uku kacal na gani: manya biyu da kamfani ya aika suka bi ƙauyuka suka kwaso na nesa, sai ƙarama ɗaya da manyan kamfanin suka cunkusu a ciki su duka. Na ga daraktan da idona, mutum mai kwat da tabarau, ya fito da ɗan kwanonsa a hammata kamar mai zuwa awo.

A bakin shiga wata mata ke tsaye, baƙa, gajera, za ta yi shekara hamsin, ba takalmi a ƙafarta. Ita ce Hajiya Mariyama, mai irin aikina a wancan kamfani. Kowa ya zo sai ta dubi hannunsa. Da ta iso kaina na gaishe ta, na faɗi daga inda nake, sannan cikin fara'a na miƙa mata jakar ruwan da ta tsira na ce ga 'yar tsaraba.

Ta dubi jakar, ta dube ni. Ba ta ɓata rai ba, wallahi da ta ɓata da ya fi mini sauƙi.

“Mun gode, baƙonmu. Ruwa ba ya zama abin ƙi. Taho.”

Ta kai ni wurin randuna, ta sa na huda ledojin ɗaya bayan ɗaya ina juyewa a ciki, mutane na kallo. Da na gama ta tattara fatun ledar, ta ƙulle su tam, ta buɗe jakata da hannunta ta tura su can ƙasa.

“Da kai suka zo, da kai za su koma,” in ji ta. “Nan ba mu da wurin aje su.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma kunyar ba ta daɗe ba, don mamaki ya danne ta. Randunan an binne su rabi a jiƙaƙƙen yashi, ruwan sanyi ƙalau har yana riƙe haƙori, kowace da moɗa mai dogon hannu, a ɗiba a zuba maka a ƙwaryarka. Wurin alwala da wanke hannu an yi shi a gindin wasu ƙananan dashe, duk ruwan da ya zuba su ke sha. Lasifika ɗaya ce, waya ta taso daga gare ta zuwa batirin mota, daga batir zuwa wani baƙin faranti mai sheƙi da aka jingina yana kallon gabas. Na zagaya shi sau biyu ina neman inda ake zuba masa mai. Malam Haruna ya ce rana yake sha. Na tsuguna na taɓa shi, na tuna yadda nake yawo gidan mai zuwa gidan mai da jarka duk lokacin taro, ga kuma ranar nan kullum tana dukan ƙeyata a banza.

Aka yi jawabai kowa na jin kowa, har tarin tsoho na can baya ana ji. Aka yi maganar yadda ake tsaga dakwara, itacen da ke fitar da ƙaro, ba tare da an kashe ta ba. Da rana ta ɗaga aka tashi sallar Juma'a a masallacin ƙauyen, aka dawo ga abinci. Matan manoman ne suka dafa, da geronsu da zogalensu: dambu, tuwo da miyar kuka, naman akuya, fura da nono. Kana miƙa ƙwarya ana zuba maka daidai cikinka, idan ba ka ƙoshi ba ka dawo. Na zauna kusa da daraktan muna cin dambu, yana tambayata farashin riɗi da Hausarsa mai gauraye da Faransanci. Abin da ya rage a tukwane aka shanya a kan faifai, ƙashi aka tara wuri ɗaya, toka aka kwashe zuwa gona.

Wurin rabon kyauta ne na ce yau zan kama Hajiya. Dashen dakwara ake ba kowa, ni kuwa na san ba a rainon dashe sai a baƙar leda. Aka miƙo mini nawa, sai ga shi a cikin ɗan saƙin kaba kamar aljihu. Da shi ake binnewa, ya ruɓe a ƙasa.

Bayan la'asar mutanen ƙauye suka zo kowa ya zare zanarsa da karansa, don aro aka yi gida-gida. Aka naɗe tabarmi. Kafin in gama sallama da daraktan, rumfuna sun ɓace. Na ɗauka an gama, sai na ga ba wanda ya tafi, kowa ya ja gefe ya tsaya. Hajiya Mariyama ta shiga filin ita kaɗai, tana tafe a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kanta a sunkuye, tana jin ƙasa da tafin ƙafarta. Sai a lokacin na gane dalilin rashin takalmin. Can gefe kuma ga garken ƙauyen an tare shi, shanu da tumaki, suna ta ƙoƙarin kutsowa, don ta filin suke bi zuwa rijiya.

Da ta gama ta ɗaga hannu. Ba garken aka saki ba. Wata farar tunkiya aka jawo, da tsohon ciki, aka sake ta ita kaɗai.

“Ta Hajiya ce,” Malam Haruna ya raɗa mini. “Sharaɗin mai gari ke nan tun shekarar farko. Wanda ya shirya taro, dabbarsa ke fara shiga. In ya bar abin kisa, shi zai fara kuka.”

Tunkiyar ta yi ta kiwonta tana tsintar ɓawon gyaɗa da 'ya'yan gawo, jama'a na kallo. Hajiya na tsaye ta harɗe hannu, ko gezau. Sai da aka ɗauki lokaci sannan mai gari ya gyaɗa kai, aka saki garken. Na ga shanu sun bazu a inda ɗaruruwan mutane suka ci suka sha ɗazu, babu mai bin su da sanda yana ƙwace wani abu daga bakinsu. Na taɓa ganin manyan taruka a Kano masu fitilu da kujerun alfarma, ba wanda ya taɓa cika mini ido kamar wannan fili da babu komai a cikinsa. Ban san hawaye na zuba ba sai da Hajiya ta zo ta tsaya a gabana.

“Lahiya, baƙonmu?”

Na ba ta labarin Woɗe tun daga farko, har ledar da ke rataye a ƙaya. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, “Kana da dabba?”

Na ce Woɗe ta bar maraƙa, kuma a gado tawa ce.

“To me kake jira?”

Na mayar da ƙwaryar amana a Dungas, na biyo hanya. A iyaka jandarman nan ya gane ni, ya buɗe jakata ya ga ƙullin fatun leda, ya ce, “Mushe, ka shigo mana da ruwa, ka fita da shara. Kullum ka riƙa zuwa.”

Da na kawo shawarar mu yi taronmu na bana irin nasu, manaja bai ba ni wahala ba da ya ji babu hayar janareta. Farantin rana ba mu samu ba, batirin motar kamfani muka yi shirin amfani da shi. Mai wuyar ita ce zuwa Aujara. Na tarar da Kawu yana ɗaure maruƙa, na yi sallama ya amsa, ya ci gaba da aikinsa. Na tsuguna na zayyana masa duk abin da na gani, ban sani ba ko yana ji. A ƙarshe na ce, “Kawu, ka ƙara ba ni aron filin nan sau ɗaya. In an tashi, 'yar Woɗe ce za ta fara shiga.”

Hannunsa ya tsaya a kan igiya.

“Ita kaɗai ta rage daga wurin Aminatu,” ya ce. Sunan mahaifiyata ke nan, kuma maganar farko ke nan da ya yi mini a cikin shekara guda.

“Na sani, Kawu.”

“To.”

Sati uku da suka wuce muka yi taron. An sha gunaguni, wasu manoman sun ce kamfani ya talauce tunda har sai mutum ya zo da ƙwaryarsa. Na tsaya a bakin shiga ba takalmi, na juye ruwan ledar mutum goma sha wani abu a randa, ciki har da na manaja. Da aka watse na bi filin taku-taku, ƙaya na sukata. Sau biyu na zagaya ban ga komai ba. Har na ɗaga hannu, sai na ji ba zan iya ba, na sake komawa. A gindin wata sabara yatsan ƙafata ya taɓo wani abu mai santsi, ƙullin ledar goro rabi a binne. Na zaro shi, na sa a aljihu, na sake bin filin tun daga farko.

Kawu da kansa ya jawo maraƙar, ja kamar uwarta. Ya miƙa mini igiyar, ni na kwance ta. Ta shiga tana tsalle, ta sunkuya ta fara tsintar ɓawon gyaɗa. Muna tsaye ni da shi kafaɗa da kafaɗa har inuwa ta yi tsawo, sannan ya yi wa sauran shanun kira suka bi ta.

Da muka zo ƙofar ruga ya tsaya a wurin ƙayar. Farar ledar na nan, rana ta cinye sunan kamfanin saura kaɗan. Ya zare ta a hankali, ya ninke, ya sa mini a tafin hannu.

“Haɗa da ta aljihunka,” ya ce. “Ka wanke ƙafarka ka shigo, tuwo na hucewa.”